Ranar da Malama Sauda Ta Nemi Ƙofarta

Ku gafarce ni, masu karatu. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce insha'in aji ba, shi ma in an ce in tashi in karanta, muryata ce take guduwa ta bar ni a tsaye. Na san akwai waɗanda suka fi ni cancantar wannan rubutu, waɗanda suka zauna da ita, suka yi kuka a gabanta, ta kira sunayensu. Ba na cikinsu. Ni ce yarinyar nan ta laburare mai riƙe da makulli, wadda in kun shigo neman littafi kuke ce wa "ke" don ba ku san sunanta ba. Amma a ƙarshen zangon nan Malama Sauda Nu'uman ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar, kuma akwai abin da na gani da idona wanda masu zama da ita ma ba su gani ba. In na yi shiru zai tafi tare da ita. Ita da kanta ta hana a fara magana da ban haƙuri, ga shi na karya dokarta tun a layin farko. Ta yafe mini wannan ma.

Ƙarfe bakwai da kwata Keke yake sauke ta a ƙofar makarantarmu ta 'yan mata, can bayan Fadaman Mada. Daga Wunti take tasowa. Baƙar jaka ce a kafaɗarta, wadda hannunta ya sha ɗinki, da filas na shayi, da ƙunshin masa a leda in ta makara ba ta karya a gida ba. Da kanta take share ɗakinta, ba ta yarda wata ɗaliba ta riƙe mata tsintsiya, don kada idon yarinya ya faɗa kan takardar da ba tata ba. In ta gama sai ta jera kujeru uku. Ɗaya tata, ɗaya ta wadda za ta zo, ta ukun kuwa ba a zama a kanta.

Malamar Shawara muke ce mata. Aikinta shi ne ta saurari ɗalibar da wani abu ya tsaya wa a rai, ko na karatu ko na gida. Tana yanka kwalin sukari gida-gida daidai tafin hannu, ta ja layi uku a kan kowane. A layin farko ki rubuta abin da ya faru. A na biyu, abin da ya jawo miki. A na uku, abin da kike so. Daga nan sai ki fuskanci kujerar nan da ba kowa, ki ɗauka mutumin da kike jin nauyinsa ne zaune a kai, ki faɗa masa. Dokokinta biyu ne: kada ki fara da "yi haƙuri", kuma in kin faɗi na ukun ki rufe bakinki, kome tsawon shirun da zai biyo baya.

Duk wannan ba a cikin ɗakin na koye shi ba. Shekara uku ina wucewa ta gaban ƙofar nan, koriyar ƙofa ta ƙarfe, ban taɓa ƙwanƙwasawa ba. Me zan ce ya kawo ni? Iyayena suna raye, ina ci, ina cin jarrabawa. Sai dai in rage tafiya in na zo wurin, in ga wata ta shiga fuska a murtuke, bayan rabin awa ta fito tana gyara hijabi tana murmushi, Malama ta rako ta har bakin ƙofa da hannu a kafaɗarta. Ba zan ɓoye muku ba, kishi nake yi. Har na taɓa rayawa a raina, Allah ya yafe mini, da ma wata 'yar matsala ta same ni, wadda ba ta yi tsanani ba, daidai wadda za ta ishe ni shiga.

Wadda na fi yi wa kishin ita ce Juwairiyya. Benci ɗaya muka zauna da ita a aji ɗaya, kuma a lokacin ta fi ni nauyin baki. Mahaifinta tela ne a Wunti, ya sa ransa a kan ta zama likita, har abokan shagonsa suna ce mata Dakta. Ita kuwa ko kaza aka yanka a gabanta jiri take gani. Mako biyu ta yi tana yi wa kujerar nan magana. Ranar wata Asabar ta tsaya a gaban keken ɗinkin babanta da ɗan katinta a hannu, ta faɗi layukanta uku, ta yi shiru. Waɗanda suke shagon sun ce ya ɗauke ƙafarsa daga kan keken, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To da ba ki faɗa ba fa? Haka za ki je ki riƙa sumewa a kan marasa lafiya?" Aka yi dariya, aka mayar da ita ajin adabi. Yau ita ce take jagorantar 'yan muhawarar makarantarmu. Malama "Juwai" take ce mata. Ni ko cikakken sunana ban taɓa ji a bakinta ba.

Akwai kuma Eniola, wadda babanta yake sayar da kayan mota. Da mahaifiyarta ta rasu ta dawo makaranta ba ta ce wa kowa uffan. Malama ba ta tambaye ta kome ba. Gyaɗa ta riƙa zuwa da ita a tire, su zauna su biyu suna ɓarewa lokacin tara, ba mai magana, har zango ya kusa ƙarewa. Madam Agatha, malamarmu ta lissafi, ta ce ranar da ta fara jin dariyar Eniola ta tagar ɗakin nan, tsayawa ta yi a baranda ta rasa ajin da za ta shiga. Ni ma na ji dariyar. Na yi murna, amma na daɗe ina tunanin yadda zama kusa da tiren nan yake.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne ba ɗalibai kaɗai suke kallon ɗakin nan da wani ido ba. A ɗakin malamai ana cewa, "Ita dai ta huta, ba alli ba maki, sai hira da yara." Saboda haka duk aikin da ya rasa mai shi, kanta yake faɗawa. Malami bai zo ba, Malama Sauda ta riƙe ajin. Ana neman mai tsayawa a ƙofa ya kama 'yan makara, Malama Sauda. Ku duba fa, matar da ake so yarinya ta buɗe wa cikinta da ƙarfe goma, ita ce aka sa ta rubuta sunan yarinyar don a hukunta ta da ƙarfe takwas. Amsarta kullum ɗaya ce: "To, ba kome." Matar da ta koya wa ɗaruruwan yara buɗe baki, in abin ya zo kanta sai ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Sai ga kwalaye. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo kyautar kwamfuta goma sha biyu, ɗakin da za a kafa su kuma ba a ja masa wuta ba, ana bukatar wurin ajiya mai ƙofar ƙarfe. A baranda Hajiya shugabar makaranta ta tare ta, tana tafe tana faɗa.

"Malama Sauda, za mu ɗan ari ɗakinki. Na ɗan lokaci ne."

"To, ranki ya daɗe, ba kome."

Aka kwaso kujerunta uku aka kawo laburare, aka ajiye a lungun bayan kantar taswirori, aka rataya labule. A duk makarantar ina jin ni kaɗai ce na yi murna. Teburina yana jikin kantar nan ta ɗaya ɓangaren. Ina jin ƙarar murfin filas ɗinta, ina jin almakashinta yana cin kwali, ina jin ƙamshin turaren mayafinta. Ban shiga ɗakinta ba, ɗakinta ne ya zo ya same ni.

Amma labule ba ya tare magana. Na ji abubuwan da bai kamata in ji ba, kuma da su za a binne ni. Na koyi yin tari da jan kujera don mai magana ta san akwai mutum a kusa. Wasu ba haka suka yi ba. Yaran da ba su taɓa tambayar littafi ba sai ga su sun zama masu son taswira, su tsaya a jikin kanta da littafi a buɗe, ba sa juya shafi. Masu zuwa wurin Malama suka fara raguwa. Sannan wata rana wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ko ajinta ba, ta faɗi wani abu na gidansu a bayan labulen nan, tana kuka ƙasa-ƙasa. Kafin a tashi, maganar ta zaga azuzuwa uku. Washegari ba ta zo ba. Jibi ma haka.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba, don kowa ya san wadda take zama a jikin kantar. A rana ta uku, laburaren ba kowa, sai na ji an ƙwanƙwasa katakon daga ɗaya ɓangaren, sau biyu.

"Mai karatu, na san ba ke ba ce."

Kalma takwas. Na rubuta su a bayan littafina na Hausa da kwanan wata.

Yanzu sai in gaya muku yadda ake taron malamai a makarantarmu, don a nan maganar take. A laburare ake yi, ranar Alhamis ta farkon wata bayan darasin ƙarshe, ni kuma ina zama a baranda gindin taga ina jiran a gama in kulle. Malam Auwalu na addini yake buɗewa da addu'a, Madam Agatha ta rufe da tata, don kowane ɓangare ya samu. Ana bin batutuwa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe a zo kan "sauran batutuwa". A lokacin yunwa ta ci kowa, azahar tana neman wucewa, jakunkuna sun hau cinya. Hajiya takan ce, "Akwai wani abu? Babu ko? Madam, rufe mana." Da zarar Madam ta miƙe ta ce a yi addu'a, magana ta ƙare. Ba wanda zai katse addu'a, kuma ba wanda zai tayar da batu bayan an shafa.

Malama Sauda kuwa tarbiyyar gidan malamai ce da ita, ba ta shiga gaban manya. Sai ta bari kowa ya gama nasa. Ta taga nake hango hannunta yana ɗagowa a hankali, bai kai kafaɗa ba kawuna sun sunkuya. Taro uku a jere addu'a tana rufewa a kan maganarta.

Bayan na ukun Madam Agatha ta biyo ta bayan labule, ba ta ko rage murya ba. Madam ta shekara ashirin a Bauchi, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malama, kai wane irin mutum ne? Na ga hannunka. Hannu ne ko kana korar ƙuda?"

"Madam, mutane sun gaji."

"Kwali bai gaji ba. Kwali yana kwance a ɗakinka da fanka, kai kana nan kamar mai sayar da katin waya."

Malama ta yi 'yar dariya, sannan ta ce, "Wallahi har kishin kwalayen nan nake yi. Su an san darajarsu, an rubuta lambarsu a takarda. Ke ma in yara sun ci lissafi ana kiran sunanki a asambali. Ni aikina in ya yi kyau, ba abin da ake gani. Yarinya ce kawai ba ta bar makaranta ba."

"To bari ni in faɗa musu wata mai zuwa."

"A'a. In ke kika faɗa, sun yi miki alfarma ne. Wadda za ta gaje ni ba ta da Madam Agatha."

Wannan ne abin da yake cin ta. Saura mata zango biyu ta ajiye aiki. In ta tafi ta bar aikin a bayan labule, a nan wadda za a turo za ta tarar da shi, in ma an ga bukatar turo wata.

A hutun da ya biyo baya ta je wani taron bita na kwana biyu da aka shirya wa malaman shawara a cikin gari. Na ji labarinsa ne lokacin da take ba Madam suna shan shayi. Ta ce su wajen arba'in ne. Mai koyarwar ta ce duk mai ɗaki da ƙofar da ake rufewa ya ɗaga hannu, mutum shida suka ɗaga. Ta ce to a cikin sauran, wa ya taɓa tsayawa a gaban shugabansa ya nema? Ba hannu ko ɗaya. Daga nan aka sa kowa ya tashi ya faɗi amfanin aikinsa cikin minti ɗaya, kamar shugabansa ne a gabansa.

"Madam, da aka zo kaina, sunana kawai na iya faɗa. Shekara huɗu aka yi ana koya mana sauraro a jami'a. Ba a ba mu ko awa ɗaya ta yadda za mu nemi abu wa kanmu ba. Sai matar ta ce mini, Malama, me kike ba yaranki in bakinsu ya yi nauyi? Na ce kati. Ta ce to ke an hana ki yanka wa kanki ne?"

Tsakanin manyan littattafan taswira biyu akwai 'yar kafa. Ta nan na ga abin da ya sa na ɗauki biro. Malama Sauda, mai shekara kusan sittin, ta tashi daga kujerarta ta koma ta ɗalibai, ta fuskanci kujera ta uku da kati a hannu.

"Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri, dama..." Ta tsaya. "Kin gani ko, Sauda? Ke ma."

Ta sake. Ta sake. Ranar sau goma sha ɗaya ta fara, sau tara haƙuri yana riga ta fita. Ina ƙirgawa da yatsuna a ƙarƙashin tebur, ina ce mata a zuci, saura kaɗan, Malama. Da ta ƙwanƙwasa katakon nan ta ce mai karatu, zo ki taya ni, da na zo ko da rarrafe. Amma washegari Juwairiyya ta aika aka kira.

"Juwai, tsaya nan. Duk lokacin da na ba da haƙuri ki buga tebur."

"Malama, ni in buga miki tebur?"

"Ke na buga wa sau nawa?"

Mako guda ina jin bugun teburin nan da dariyarsu. Shafi ɗaya na yi ta karantawa a makon, har yau ban san abin da yake ciki ba. Juwairiyya ce kuma ta kawo tef ɗin awo daga shagon babanta, suka je suka auna kwalayen, suka auna ɗan siton da yake cikin ofishin Hajiya, inda tsofaffin gangunan fareti suke. Ita ta riƙe ɗaya bakin tef ɗin. Ni ma ina da hannu biyu, amma ba wannan ne zancen ba.

Ranar Alhamis ta zo. Malama ta riga ta je wurin Malam Muktar, sakataren taro, ta ce a rubuta batunta a jerin. Ya rubuta, amma a can ƙasa. Aka yi maganar jarrabawa, aka yi ta wasannin gidaje, aka daɗe a kan wanda ya bar famfo a buɗe. Hajiya ta dubi agogo, ta ninke takardar jerin.

"Sauran sai wata mai zuwa. Madam, rufe mana."

Madam Agatha ta miƙe. Ta gyara zanenta. Ta cire tabarau, ta goge shi da bakin riga, ta mayar, abin da ban taɓa ganin ta yi kafin addu'a ba. Kawuna sun fara sunkuyawa. A cikin wannan ɗan tsakanin na ji ƙarar kujera.

"Ranki ya daɗe, akwai batuna."

Muryar ba ta fito da ƙarfi ba, amma a tsaye take. Madam ta koma ta zauna, ta naɗe hannu.

"Malama Sauda, lokaci ya tafi."

"Layi uku ne." Ta dubi katin. "Wata tara ke nan da aka ɗauki ɗakin shawara aka sa kwalaye, aka mayar da ni bayan labule. Da yara goma sha ɗaya nake gani a mako, yanzu biyu, kuma akwai wadda aka ji sirrinta a nan ɗakin, yau kwana arba'in ba ta zo makaranta ba. Ina so a ba ni makullin ɗakin ranar Litinin."

Ta rufe bakinta.

Ban san tsawon shirun nan ba. Na ji fanka tana juyawa, na ji mai Keke yana hon a titi. Na ga leɓenta yana motsi, na san kalmar da take neman fitowa, na dafe bakina kamar ni ce zan faɗe ta. Ta damƙe katin har ya lanƙwashe. Ba ta faɗa ba.

Hajiya ba muguwa ba ce, mace ce mai kaya da yawa a ka. Ta ce, "Kwamfutocin fa? In an sace ke za ki amsa?"

"Siton ofishinki zai ɗauke su, ranki ya daɗe, har da ragowar taku biyu. Na auna. Gangunan kuma ba mai satar su, uku a fashe suke."

Wani ya yi dariya a baya. Malam Auwalu ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, amanar yara ta fi ta kwali nauyi." Hajiya ta daɗe tana kallon Malama Sauda kamar yau ta fara ganinta.

"Yarinyar da kika ce, me ya sa ban sani ba?"

"Ban faɗa ba ne. Laifina ne wannan."

"Malam Muktar, rubuta. Litinin."

Sannan Madam Agatha ta miƙe ta yi addu'a, gajeriya ƙwarai, kuma ita ta fi kowa ƙarfin amin.

Ranar Litinin aka kwashe kwalaye. Ranar Talata bayan an tashi, Malama ta hau Keke har hanyar Zungur, gidan da yarinyar nan take zaune. Matar gidan ce ta ba da labari daga baya. Ta ce Malama ba ta yi dogon bayani ba, makulli ta ciro daga jaka ta ɗora a tafin yarinyar, ta ce, "Yanzu akwai ƙofa." Ranar Laraba yarinyar ta dawo. Tana cikin waɗanda suka rubuta jarrabawar fita bana.

A taron da ya biyo baya Malama ta sake miƙewa, wannan karon tun a tsakiya, ta ce a cire ta daga kama 'yan makara. Aka cire ta. Ta kuma fara tara malaman shawara na makarantun da suke kusa, Asabar ɗaya a wata, su zauna a ɗakinta su yi ta yi wa kujera magana. An ce har da maza masu furfura.

Ni kuwa aka bar ni da lungu. Aka cire labulen, sawun ƙafafun kujeru uku ya rage a kan siminti. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: ranar da aka kwashe kujerun nan ban yi murna ba. Na san daidai aka yi, na kuma ji haushi. Ƙofar da ta dawo wa kowa, ni ta rufe ni a waje.

Malama, ke ce uwar masu nauyin baki. Ke ce kika sha maganin da kike ba mu, a gaban mutane, da ɗacinsa. Da kin ga dama da kin lallaɓa zango biyun nan a bayan labule kin tafi gida da mutuncinki, ba mai cewa kin yi laifi. Ke ce kika tsaya a gaban taro don wata malama da ba ki san ko sunanta ba ta zo ta tarar da ƙofa. Na karanta jarumai da yawa a littattafan laburaren nan, ban ga wanda ya sha wuyar da kika sha wajen haɗiye kalma biyu ba. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa ki ga 'ya'yan waɗanda kika saurara.

Ku kuma malaman shawara da kuke wasu makarantu, a ƙarƙashin bishiya ko a lungun ɗakin malamai, kuna jiran a lura da ku: ba za a lura ba, kowa da abin da yake gabansa. Kwalin sukari ba ya wuyar samu. Ku ja layi uku, ku nemi kujera, kuma kada ku jira sauran batutuwa. Shugabanni, in mai shawararku ya miƙe, ku ɗan dakata da addu'ar.

Ranar walimar sallamarta na zo da waɗannan shafuka a cikin hijabina, da niyyar in miƙa mata hannu da hannu. Wannan ƙarshen ne kawai na ƙara daga baya, a kwafin da ya rage a hannuna. An kafa rumfa a filin asambali, Juwairiyya ta yi jawabi a madadin ɗalibai, kuma ta yi shi da kyau, ba zan hana ta ba. Da aka gama yara suka yanyame Malama, wannan ta riƙe jaka, wannan ta riƙe filas, Eniola ta rungume ta ta ƙi saki. Na tsaya a bayan rumfa har aka fara naɗe tabarmi, ban ga ta inda zan kutsa ba.

Sai na zaga ta baranda. Koriyar ƙofar a buɗe take, ba kowa a ciki. Na shiga, karo na farko. Ɗakin ya fi yadda na zata ƙanƙanta. A kan tebur akwai katunan da ta yanka ta bar wa mai zuwa, an ɗaure su da roba. Na zari ɗaya, na rubuta a tsaye. Shekara uku ina wucewa ta ƙofarki. Na yi kishin duk wadda ta shiga. Ina so ki karanta wannan. A ƙasa na sa sunana, cikakke.

Na ɗora katin a kan shafukan, na ajiye su a kujera ta uku. Sai na ji muryoyi suna tahowa ta baranda, da dariyarta a tsakiyarsu. Na fita ta bayan ajin kimiyya, na bi jikin katanga har ƙofar makaranta. Maigadi yana cin shinkafar walima, bai ɗago ba.